Yaya ake jinyar mai ciwon sikila da tausayi a gadon asibiti?

Sabuwar Nas ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka riga mu shiga aikin jinya. Ban daɗe da fita makarantar koyon jinya ba, kuma an tura ni ɗakin kwanciyar mata na wani babban asibiti, inda tun shigowar hunturu da wuya a wayi gari babu mai ciwon sikila a kan gado. Da zuwana wasu daga cikin waɗanda na tarar suka ja mini kunne cewa in yi hattara da masu sikila, domin a cewarsu da yawansu son allura ne yake kawo su, kuma alamar haka ita ce sun san sunan allurar, sun san adadin da ake yi musu, suna kuma kallon agogo don su tuna wa mutum cewa lokaci ya yi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ina ganin waɗannan abubuwa da idona. Akwai wata budurwa da za ta yi ta kuka tana riƙe da ƙugu har muryarta ta dishe, in gwada hawan jininta da bugun zuciyarta in ga babu wani abin tashin hankali, bayan ɗan lokaci kuma in zo wucewa in tarar tana danna waya. Amma duk da haka zuciyata ta ƙi yarda cewa mutum zai bar ɗakinsa ya zo ya kwanta inda ake huda masa hannu ana laluben jijiya, saboda sha'awa kawai. Ina roƙon a fahimtar da ni yadda zan gane mai ciwon gaske, da kuma abin da tausayi yake nufi a aikace, a daren da mu biyu ne kaɗai a kan ɗaki cike da gadaje.

Tsohuwar Metiron ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi wa aikinki albarka. Maganar da aka faɗa miki ita ce aka faɗa mana muna sababbi, kuma har na yi ritaya ban ga ranar da ta amfani mara lafiya ba.

Ki fara da abin da yake faruwa a jikin yarinyar nan. Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana da laushi, tana lanƙwasawa ta wuce ta ƙananan hanyoyin jini, kuma tana rayuwa kimanin kwana 120. Ta mai sikila kuwa, da zarar iskar oksijin ta ragu ko ruwan jiki ya yi ƙasa, sai ta ƙage ta koma siffar lauje, ta manne a hanyar jini ta toshe ta, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 a raye. Duk abin da ke gaban wurin da ya toshe, musamman ɓargon ƙashi, sai jini ya daina isa gare shi, wannan shi ne tushen azabar da kike jin ana kuka a kanta. Babu gwajin jini, babu hoto, babu wata na'ura da take nuna girman wannan zafi. Hawan jini da bugun zuciya suna iya zama daidai alhali mutum yana cikin matsanancin ciwo, balle wanda jikinsa ya saba da raɗaɗi tun yana goye. Ma'aunin da ya rage a hannunki shi ne bakin mara lafiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki tambaye ta, daga 0 zuwa 10 ina zafin yake, ki rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗa, ba yadda kike ganin ya kamata ya zama ba.

Danna wayar da kika gani dabara ce ta ɗauke hankali daga ciwo, kuma mu da kanmu muna koya wa yara irinta. Wani ma barci yake yi saboda gajiya, ciwon kuma yana nan. Sanin sunan allura ba laifi ba ne ga wanda ya shekara ashirin ana yi masa ita. Mai ciwon suga ya san sunan insolin da adadinta, kuma yaba masa muke yi a kan haka. Kallon agogo kuwa mu ne muka koya musu, domin idan ƙarfin magani yana ƙarewa bayan awa uku ko huɗu, aka kuma rubuta cewa sai ya nema za a ba shi, sannan in ya nema sai an ɗauki wata awar kafin a zo, to dole ya fara kira tun kafin ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Shi ya sa ƙa'idojin jinyar sikila suka ɗaure maganar da lokaci. Ƙa'idar da hukumar tsara hanyoyin jinya ta Ingila ta fitar a 2012 ta ce a ba mai wannan ciwo maganin raɗaɗi cikin minti 30 da isowarsa asibiti, a sake duba shi duk bayan minti 30 har sai zafin ya lafa, daga nan a riƙa dubawa aƙalla duk bayan awa 4. Na san halin asibitocinmu, na san a cikin minti 30 ɗin nan sau da yawa ɗan'uwan mara lafiya bai ma gama bin layin kati ba, amma gara ki san inda ma'aunin yake, ki riƙa matsawa kusa da shi bakin gwargwado, da a ce kin ɗauka jiran awa uku shi ne daidai.

Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Nas ɗin da ta riga ta yanke cewa mara lafiya yana ƙari ne, ta daina dubansa da idon basira, kuma a wannan lokacin ne abin da yake kisa yake shigowa. Mafi haɗari shi ne ciwon ƙirji na masu sikila, wanda sau da yawa yake tasowa bayan kwana ɗaya zuwa uku da kwantar da mutum saboda ciwon ƙashi. Haƙarƙari da baya suna ciwo, sai mutum ya riƙa jan numfashi sama-sama don gudun zafi, ƙasan huhu ya danne, iska ta ragu, ƙwayoyin jini su ƙara lanƙwashewa. Idan kika ga zazzaɓi ya haura digiri 38, ko tari, ko saurin numfashi, ko awon oksijin na jini ya sauka kashi 95 cikin ɗari ko ƙasa da haka, ki sa mata iska ki kira likita nan take, kada ki jira zagayen safe. Haka nan idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko tafin hannu da cikin ido suka yi fari fat fiye da yadda kika gan su da safe. Rigakafin ciwon ƙirjin kuma a hannunki yake: ki ɗaga mata kan gado, ki sa ta ja dogon numfashi sau 10 duk bayan awa 2 matuƙar idonta biyu, in babu na'urar yin hakan ko hura balan-balan yana taimakawa. Amma ba za ta iya jan dogon numfashi ba sai an kashe mata zafin, kin ga ashe maganin raɗaɗi da rigakafin mutuwa a haɗe suke.

Kada ki ɗauka talaucinmu ne kaɗai yake jawo wannan. A 2019 wani saurayi ɗan shekara 21 mai sikila ya rasu a wani asibiti a Landan, bayan da ya nemi a sa masa oksijin aka hana shi, har ya kira lambar motar ɗaukar marasa lafiya yana kwance a gadon asibitin. Binciken da ya biyo baya ya nuna ma'aikatan ɗakin ba su gane alamun cutar ba, kuma a 2021 wani kwamitin 'yan majalisar Birtaniya ya fitar da rahoto da ya tabbatar da cewa rashin sauraron masu sikila ya zama ruwan dare a can ma. Ƙasar da take da kayan aiki ke nan, balle mu da aka ƙiyasta ana haifa mana jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

A daren da ku biyu ne kaɗai, akwai abubuwan da ba sa cin lokaci. Ki ɗauke mai sikila daga gadon da ke bakin taga ko ƙarƙashin fanka, ki nema mata bargo, ki sa mai jinyarta ta cika gora da ruwan ɗumi ta naɗe da tawul ta ɗora inda yake ciwo. Kada a kuskura a ɗora ƙanƙara ko ruwan sanyi, domin sanyi tsuke hanyoyin jini yake yi. Ki ajiye mata ruwan sha inda hannunta zai kai, ki kuma lura da gudun ƙarin ruwa, saboda cika shi fiye da yadda aka rubuta yana iya taruwa a huhu.

Mai Harhaɗa Magani ya amsa:

Ina gaida Hajiya Metiron, kuma ban saɓa mata a kan komai ba, sai dai akwai ɓangaren da nake ganin bai kamata a ɓoye wa ƙanwarmu ba, domin idan ba mu faɗa mata ba za ta haɗu da shi ta ruɗe. Dogaro da allurar fentazosin, wadda aka fi sani da fenta, matsala ce ta gaske a tsakanin wasu masu sikila a ƙasar nan, kuma likitocinmu sun yi rubuce-rubuce a kanta. Wanda ya daɗe yana yi wa kansa ita za ki ga cinyoyinsa da damatsansa sun yi tauri, fata ta yi tabo ko gyambo, wani gwiwarsa ko gwiwar hannunsa ta ƙi lanƙwasuwa saboda naman wurin ya ƙandare.

Amma a duba yadda abin yake farawa. Yaro ya zo asibiti cikin dare, aka bar shi a benci, aka yi masa allura ɗaya aka ce ya yi haƙuri. Wata rana ciwon ya tashi, iyayensa suka ce maimakon wahalar asibiti bari a kira mai kemis na unguwa ya yi masa a gida. Daga nan sai ya koyi yi wa kansa, babu mai lissafa masa, babu mai duba shi. Galibin waɗanda na sani ta wannan hanya suka faɗa, wato rashin kashe musu ciwo a asibiti ne ya tura su, ba yawan kashe shi ba. Saboda haka hana mai ciwo magani don gudun kada ya saba, shi ne ainihin abin da yake haifar da abin da ake gudu.

Sannan a rarrabe abubuwa biyu. Wanda ake yawan yi wa maganin raɗaɗi mai ƙarfi jikinsa yana sabawa, har adadin da yake isar wani ya daina isarsa. Wannan halin jiki ne, ba lalacewar tarbiyya ba. Shaye-shaye kuwa shi ne mutum ya riƙa neman maganin ko babu ciwo, yana ɓoyewa, yana ci gaba duk da ya ga yana cutar da shi. Ko shi wannan na biyun, idan ciwon sikila ya tashi masa ciwo ne na gaske, kuma haƙƙinsa ne a kashe masa shi. Maganar raba shi da allura ana yin ta ne bayan ya samu sauƙi, a zaune da likitan jini da likitan ƙwaƙwalwa, ba da ƙarfe biyun dare yana birgima ba.

Ita fentar ma ba ita ce ta fi dacewa da wannan ciwo ba. Ƙarfinta yana da iyakar da ƙari ba ya ƙara komai, kuma idan aka haɗa ta da mofin tana rage masa aiki. Mofin, na sha ko na jijiya, shi ne aka fi amincewa da shi ga ciwo mai tsanani, a haɗa da farasitamol, a riƙa lura da numfashi da yawan barci, a kuma ba da maganin taurin bayan gida tun da wuri. Fetidin, wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi, an daina son sa saboda yana iya jawo jijjiga. Diklofenak da danginsa suna taimakawa, amma ba a sakin hannu da su, domin ƙodar mai sikila dama a wahale take. Matsalarmu ita ce mofin yana kulle a akwati, yana da rajista, wani lokaci babu shi gaba ɗaya, wani lokaci kuma akwai shi amma tsoro ya hana a rubuta.

Abu ɗaya nake roƙonki da girman Allah: duk wanda ya ce ki zuƙi ruwan allura zalla ki yi wa mara lafiya da sunan magani don a gwada shi, kada ki yi. Yaudara ce, ta saɓa wa ƙa'idar aikinki, kuma ba ta tabbatar da komai, tun da mai ciwon gaske ma yana iya jin ɗan sauƙi na ɗan lokaci saboda ya sa rai.

Mai Sikila Daga Zariya ya amsa:

Sista, na gode da kika yi wannan tambaya a fili. Na haura shekara talatin da wannan ciwo, kuma ina so ki san abu ɗaya game da mu: kafin ki gan mu a bakin ƙofar asibiti, mun riga mun gwada duk abin da za a gwada a gida. Mun sha ruwa, mun sha ƙwayoyin da ke hannunmu, an gasa mana jiki, an danna mana baya har masu dannawa sun gaji. Da yawanmu muna jinkirta zuwa ne saboda mun san kallon da za a yi mana, har wani ya zo a makare. Wanda kika gani a gabanki ya riga ya sha kaye ne a gida.

Malam mai harhaɗa magani ya faɗi gaskiya, na san waɗanda fenta ta lalata wa ƙafa. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda ake ɗaukar laifin kaɗan a shafa wa kowa, har ya zama da ka ce maganin kaza ne yake yi maka aiki, sai a kalli juna a yi murmushi. Ni kuwa idan na faɗi sunan magani, ina so ne in rage mana wahala ni da ku, domin na san wanda yake sa ni amai da wanda yake sa ni ƙaiƙayi.

Maganganu sun fi allura zama a rai. An taɓa tarbata a wani asibiti da cewa, kai kuma ka sake dawowa? An taɓa cewa in yi shiru ina namiji ina damun mutane. Na taɓa jin ana gaya wa mahaifiyata a gabana, ina yaro, cewa irinmu ba sa daɗewa, kamar ba ni da kunne. Har yau idan na ji ƙamshin sabulun wanke ɗakin asibiti sai wannan maganar ta dawo mini.

Amma na haɗu da waɗanda ba zan daina yi musu addu'a ba, kuma abin da suka yi ba mai yawa ba ne. Akwai wani nas da idan zai sa mini kanula sai ya tambaye ni wace jijiya ce take bayarwa, domin jijiyoyin hannuna duk sun ƙone saboda yawan huda. Sai ya naɗe hannun da tsumma mai ɗumi ya jira kaɗan, idan ya gwada sau biyu bai samu ba sai ya kira wanda ya fi shi, ba ya mayar da abin gasa tsakaninsa da hannuna. Akwai wata kuma da take gaya mini gaskiya: maganinka sai ƙarfe huɗu, yanzu uku da kwata, na kira likita ko zai ƙara maka wani abu kafin nan, zan dawo in gaya maka abin da ya ce. Kuma tana dawowa, ko da amsar babu ce. Jiran da ka san iyakarsa ana iya daurewa, wanda yake karya zuciya shi ne a ce ana zuwa, ka yi ta kallon ƙofa har asuba.

Akwai wata magana da kunya take hana mu faɗa, zan faɗe ta saboda ƙannena. Maza masu sikila suna samun miƙewar gaba mai tsananin zafi wadda ba ta da alaƙa da sha'awa, kuma idan ta kai awa 4 ba a yi magani ba tana iya kashe gaban har abada. Saurayi zai kwanta ya rufa da zane ya ce mararsa ce take ciwo, domin ba zai iya faɗa wa mace ba, balle mahaifiyarsa tana zaune a gefen gado. Idan an kai ki ɗakin maza, ki nemi nas namiji ya tambaye shi a keɓe, a ja labule, kada a yi abin dariya da shi. Haka kuma da azumi, wasunmu suna ƙin shan ruwa da magani da rana saboda kada a ce sun cika raki. Kalma ɗaya daga bakin nas, cewa Allah ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, tana sauke wa mutum nauyi.

Maman Biyu ta amsa:

Ni uwa ce, biyu daga cikin 'ya'yana suna da sikila, kuma ina so in yi magana a madadin masu zaman jinya. Tambayar da ta fi ƙona mini rai a asibiti ita ce, me ya sa ba ku yi gwaji kafin aure ba? Lokacin da aka ɗaura mana aure babu mai zancen gwajin a unguwarmu. Yanzu alhamdu lillahi jihar Kano ta yi doka a 2024 da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jinin da ake gane sikila da shi, kuma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Amma yaron da ke kan gado an riga an haife shi, kuma uwar da take tsaye a kansa ta yi wa kanta wannan tambayar fiye da yadda wani zai yi mata. A bar wa'azin gwaji sai ranar da aka zo da ƙannen miji ko 'yan matan gida, a nan ne zai yi amfani.

Ki riƙa sauraron uwa, Sista. Jariri ba ya cewa ga inda yake masa ciwo, sai dai ki ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura yana ƙin a taɓa shi. Ni na san kalar idon ɗana ta kullum, na san yadda cikinsa yake, don haka idan na ce yau ya fi jiya fari, ko gefen hagu na cikinsa ya yi tauri, ba surutu nake yi ba. Wata nas ce ta kama hannuna ta ɗora a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, ta koya mini yadda ake jin saifa, ta ce duk ranar da na ji ta ƙaru farat ɗaya yaron kuma ya yi laushi, in taho ko tsakar dare ne, domin jini ne yake taruwa a cikinta. Ita ce kuma ta fara gaya mini cewa akwai hoton da ake yi wa yara daga shekara 2 zuwa 16 don auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a gano wanda yake cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta faru. Daga baya na ji cewa a nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, aka yi binciken da ya nuna maganin haidiroksiyuriya yana kare irin waɗannan yara. Maganar saifa da ta hoton duk a tsaye nas ɗin ta gaya mini, tana canza ledar ƙarin ruwa.

Sabuwar Nas ta sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya, Mama Metiron. Ni ce ƙarama a ɗakin, makullin akwatin magani ba a hannuna yake ba, kuma ba ni nake rubuta magani ba. Idan mara lafiya ta ce zafinta ya kai 9, wadda take gaba da ni kuma ta ce a ƙyale ta, yaya zan yi ba tare da an ce na raina manya ba?

Tsohuwar Metiron ta sake amsawa:

Ba da gardama za ki yi ba, 'yata, da biro za ki yi. Ki rubuta a takardar mara lafiya lokacin da kika duba ta, da lambar zafin da ta faɗa, da numfashinta, da zafin jikinta, da awon oksijin, da lokacin da aka yi mata magani na ƙarshe. Sannan ki je wurin babbar taku cikin ladabi ki ce, Anti, gado kaza ta ce zafinta 9, rabonta da magani awa huɗu, in kira likita ne ko za ki duba ta? Da wuya wadda aka kawo wa magana a rubuce haka ta ce a bari, domin ta san takarda tana da ranar karantawa. Idan an kira likita ki rubuta lokacin da aka kira shi da abin da ya ce. A zagayen safe kuma ki roƙi a mayar da maganin na kan lokaci, maimakon sai an nema, a kwanakin farko da ciwon yake da ƙarfi, sannan a riƙa ragewa a hankali yayin da take samun sauƙi. Lokacin miƙa aiki kada ki ce mai damun nan tana nan, ki faɗi lambobin da kika rubuta, domin sunan da aka laƙaba wa mara lafiya a bakin ƙofa shi yake bin sa har a sallame shi.

Waɗanda suke yawan dawowa kuwa, ki ba metiron ɗinku shawara a buɗe wa kowannensu takarda guda a gaban fayil, wadda likitan jini zai sa wa hannu, mai ɗauke da maganin da yake yi masa aiki da adadinsa, da wanda jikinsa ba ya karɓa, da yawan jininsa na yau da kullum. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, saboda mai sikila dama jininsa a ƙasa yake zaune, kuma ba kowane tashin ciwo ne yake buƙatar ƙarin jini ba. Abin dubawa shi ne nawa ya sauka daga inda ya saba. Takardar tana raba gardama tsakanin mara lafiya da likitan dare da bai taɓa ganinsa ba.

In kuma kin ji zuciyarki ta karkata ga wannan fanni, ki neme shi da gaske, domin fanni ne mai zaman kansa. Nas ta farko da ta ƙware a kan sikila a Birtaniya, Elizabeth Anionwu, wadda mahaifinta ɗan Onica ne, ta taimaka wajen buɗe cibiyar gwaji da ba da shawara ta masu sikila a unguwar Brent ta Landan a 1979, kuma ma'aikatan jinya ne suke tafiyar da ita. Kafin nan, ki fara da ranar sallama: ki tabbatar budurwar nan ta tafi da maganin raɗaɗin da zai kai ta kwanakin farko a gida, ta san ranar komawa asibitin masu sikila, tana shan folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, tana kwana a gidan sauro, kuma ki tambaye ta ko likitanta ya taɓa yi mata maganar haidiroksiyuriya, tun da tashin ciwon nata ya yawaita.